Tafiyar kayak a kogin Isa: wauta ce, leƙen asiri ne, ko wani abu dabam?

Me zai sa mutum da hankalinsa ya bar gida, ya ƙunshe kansa cikin wani ɗan siririn jirgin ruwa, ya ce da ƙarfin damtsensa zai bi kogin Isa wata da watanni har sai ya ga teku? Duk lokacin da bidiyon irin waɗannan matafiya ya faɗo a WhatsApp ko TikTok, tambayar ke nan da ake juyawa a fadodin shayi na Maraɗi. Wani ya ce taɓin hankali ne irin na wanda ƙoshi ya yi wa yawa. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne, yawon fakewa ce kawai. Wani ya ce zinariya yake nema. Akwai kuma masu cewa duk shiri ne, jirgi mai inji na biye da shi a bayan kyamara.

Ba laifinmu ba ne da maganar ta yi mana nisa. Mu mutanen tudu ne. Tsakaninmu da Yamai tafiyar kilomita sama da 600 ce, kuma da yawanmu iyakar saninmu da Isa shi ne hango shi ta tagar mota daga kan gadar Kennedy. Amma cikin zarge-zargen nan akwai wanda ke da saiwa a tarihi, saiwar ma ta ratso har ƙasar Tasawa, don haka bai kamata a kore su da dariya ba.

Wane irin jirgi ne kayak?

Ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Mafarautan Inuwit ne, mazauna ƙarshen arewacin duniya inda teku ke daskarewa. Sukan haɗa gangar jikinsa da itace ko ƙashi, su lulluɓe da fatar dabbar ruwa, su bar rami guda inda mutum zai zura ƙafafu ya zauna. Na zamani da roba mai tauri ake yin sa, akwai kuma na hurawa da iska, wanda ake naɗewa a sa a jaka a hau jirgin sama da shi. Na doguwar tafiya tsawonsa kimanin mita 5 ne, faɗinsa da ƙyar ya wuce santimita 60.

Kwale-kwalen da masunta ke shiga da shi tafkin Madarunfa a buɗe yake, ana tura shi da gora ko a tuƙa da filafili mai baki ɗaya. Filafilin kayak baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu, kuma saman jirgin a rufe yake, igiyar ruwa ba ta cika shi da sauƙi. Mai ƙarfi yana yin kilomita 5 zuwa 6 a sa'a. In ya wuni yana tuƙi, a ce ya ci kilomita 40. A raba tsawon kogin da wannan, za a samu kwana sama da 100 babu hutu ko na yini guda, shi ya sa a zahiri tafiyar kan ci wata huɗu zuwa shida.

Rauninsa shi ne kaya. Da an sa tanti, gidan sauro, ƴar tukunya, matatar ruwan sha, magunguna, farantin sola da na'urar nuna hanya, wurin da ya rage na abinci bai fi na ƴan kwanaki ba. Ke nan dole ne mai kayak ya riƙa fitowa gaɓa yana sayen shinkafa da kifi, yana neman wurin kwana, yana gaida mai gari. Ana nuna mana shi a hoto shi kaɗai a tsakiyar ruwa, alhali kowane dare a hannun mutane yake kwana. Duk sauran maganar a kan wannan ta ginu.

Kogi ɗaya, halaye da yawa

Isa, wanda a Najeriya ake kira Kwara ko Neja, a Bamako kuma Joliba, shi ne na uku a tsawo a Afirka bayan Nilu da Kwango, kimanin kilomita 4,200. Tafiyarsa ta daɗe tana rikita masana ƙasa na Turai. Yana ɓuɓɓugowa a tsaunukan Gine kusa da iyakar Saliyo, inda tsakaninsa da teku bai fi kilomita 240 ba, amma sai ya ba ta baya ya doshi Sahara. Sai ya kai wajen Tumbutu yake karyawa, ya gangaro Gawo, ya ratsa Nijar, ya shafi iyakar Benin, ya shiga Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya faɗa teku.

A Gine ɗan rafi ne cikin kurmi, ga duwatsu ga itatuwan da suka faɗi suka tare hanya. A can matafiyi ya fi ɗaukar jirginsa fiye da yadda jirgin ke ɗaukarsa. Ƙasa kaɗan, wajen Sigiri da cikin Mali, zai tarar da masu haƙar zinariya na gaske, da manyan injinan da ke zuƙo yashi daga ƙasan ruwa suna dagula shi. Wanda ya taɓa ganin waɗannan injina ba zai ƙara cewa da kayak ake neman zinariya ba.

Bayan Bamako akwai duwatsun Sotuba, shi ya sa manyan jiragen fasinja daga Kulikoro suke tashi. Sai Segu, sai madatsar Markala da aka gama a 1947, inda ake karkatar da ruwa zuwa gonakin shinkafa da rake. Daga nan ne kogin ke yin abin da ba kowane kogi ke yi ba: ƙasar ta shimfiɗe, ruwan ya rasa gangare, sai ya watsu ya zama rassa da fadamu da tafkuna. A shekarar ruwa mai yawa malalar na rufe fiye da murabba'in kilomita dubu 20. A tafkin Debo mutum ba ya hango ɗaya hayin. Reshen da taswirar bara ta nuna, bana ciyawar burgu ta toshe shi. A nan na'urar nuna hanya kan gaya maka inda kake, amma ba ta san ta wace kafa ruwa ke tafiya ba, sai dai ka tambayi masuntan Bozo. Rana da yashi na shanye babban kason ruwan a wannan yanki, har kogin da ke fita ya fi wanda ya shiga ƙanƙanta.

Tumbutu kanta ba a bakin kogi take ba, sai an sauka a tasha an yi ƴan kilomitoci a ƙasa. Daga nan zuwa Gawo tuddan rairayi ne ke gangarowa har cikin ruwa, babu inuwa. A Labbezanga, bakin iyakarmu, duwatsu sun sake tare hanya. Rabonmu a kogin kimanin kilomita 550 ne: Ayoru, Kandaji inda ake aikin babbar madatsar da aka daɗe ana jira, Tillaberi, Yamai, Sayi, lanƙwasar da ta ba gandun daji na W sunansa, sai Gaya.

A Najeriya aikin ya sake kama. Bayan Yawuri akwai tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar a 1968. Tsawonsa ya haura kilomita 100, ruwan a tsaye yake, babu gudun da zai taimaki mai tuƙi, iska kuwa na tayar da igiya. Sai a fitar da jirgi a zagaye madatsar ta ƙasa, a sake yin haka a Jebba. Bayan Lakwaja da Onica kogin ya kasu gida-gida cikin kurmin bakin teku da rijiyoyin mai, inda ruwa ke hawa da sauka sau biyu a yini.

Jan ruwa da baƙin ruwa

Abin da ya fi wuyar ganewa ga ɗan tudu shi ne lokacin cikar kogin. Mu mun saba ruwa ya cika da damina ya janye da kaka. A Yamai cika biyu ake yi. Ta farko a Agusta da Satumba, daga ruwan saman yankinmu da rassan da ke fitowa daga Burkina Faso, wato Sirba, Dargol da Goruwol. Ruwan ja ne saboda lakar da ya kwaso, kuma shi ne ya yi mummunar ambaliyar da ta ci unguwannin bakin kogi a Yamai a 2020. Ta biyu kuwa ruwan Gine ne. Ya sauka a can da damina, amma malalar Mali ta riƙe shi tana sakinsa sannu a hankali, ba ya isowa Yamai da ƙarfinsa sai Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin lakarsa ta kwanta, ya yi duhu. Tsakiyar ɗari, babu ko ɗigon ruwan sama, kogi kuwa maƙil.

Mai dabara yana ƙoƙarin bin bayan wannan ruwa ne, ya tashi daga sama bayan damina ya gangaro tare da cikar. Sai dai lokacin ne iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas, kuma daga Segu zuwa Tumbutu can ɗin ne hancin jirginsa ke kallo. Yana tuƙi tana mai da shi baya. In ya ce zai guje mata ya tafi da damina, hadari ne zai tarye shi a tsakiyar ruwa, iska ta taso kafin ya kai gaɓa. In ya makara har Mayu ko Yuni, ruwan ya janye, sai jan jirgi a kan yashi cikin zafin bazara. A 1985, shekarar da ta biyo bayan babban fari, kogin ya taɓa daina gudu a Yamai ɗungurum.

Me ke kashe matafiyi?

Kowa dorina yake fara ambata, kuma da gaskiyarsa. Ba nama take ci ba, amma ba ta yarda a ratsa tsakaninta da zurfin ruwa ko tsakaninta da ɗanta, kuma cizo ɗaya ya isa ya raba kwale-kwalen katako, balle na roba. A yankin Ayoru rikicin dorina da manoman shinkafa ya kai ga gwamnati ta keɓe wa dorinar wurin zama a 2017. Kada ma ba abin rainawa ba ne. Hendri Coetzee, ɗan Afirka ta Kudu da ya jagoranci bin kogin Nilu daga sama har teku a 2004, kada ne ya fizge shi daga cikin kayak ɗinsa a wani kogi na Kwango a Disamban 2010, kuma ƙwarewa ba ta hana ba.

Amma abin da ya fi katse irin wannan tafiya ba shi da haƙori. Zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa daga ruwan sha, da tsargiya. Ita tsargiya ba sai an sha ruwan ba, ƙwayar na fita daga jikin dodon koɗi ta huda fatar wanda ya tsoma ƙafa, bayan makonni a ga jini a fitsari. Yaranmu masu wanka a kududdufai sun san ta fiye da kowane baƙo. Sai rana, wadda ke dukan mutum ta sama, ruwa kuma ya maido masa da ita ta ƙasa.

Akwai kuma haɗarin da ba a sa shi a bidiyo: raga. Kogin cike yake da taru da mamari da gurare, kowanne da mai shi. Baƙon da ya ratsa ya tsinke wa masunci raga ya taɓa masa abincin gida, in kuma ya wuce ba sallama ba ban haƙuri, labarinsa zai riga shi isa ƙauyen gaba.

Zargin leƙen asiri, daga ina ya samo tushe?

A nan ne ya kamata a daɗe, domin masu zargin ba daga iska suka tsinto shi ba.

Mungo Park, wani likita ɗan Sikotlan, ya iso bakin kogin a Segu a Yulin 1796, ya tabbatar wa waɗanda suka aiko shi cewa gabas ruwan ke tafiya. A 1805 ya dawo da kuɗin gwamnatin Ingila da Turawa wajen 40, galibinsu sojoji. Zazzaɓi da atuni suka cinye su a hanya, har lokacin da ya tashi daga Sansandin cikin wani jirgi da ya harhaɗa da tsoffin kwale-kwale, su biyar kacal suka rage. Sai ya yanke shawarar da ta halaka shi: ba zai riƙa sauka ba, ba zai tsaya neman iznin sarakunan bakin kogi ba, wanda ya matso a kwale-kwale kuma harbi. Da haka ya ci fiye da kilomita 1,500, ya wuce Tumbutu da Gawo da inda Yamai take a yau, ya kai Yawuri. A duwatsun Busa aka tare shi a farkon 1806, ya nutse. Wurin yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji, tare da tsohon garin Busa da aka tashi mutanensa.

A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka ɗora daga Busa. Su ba da bindiga suka bi ba, da kwale-kwalen da suka samu ta hannun sarakunan yankin suka bi, kuma sun kai teku. Abin da ya biyo baya ne abin lura. Da aka san bakin kogin, sai jiragen tururi suka shigo, sai kamfanin Royal Niger Company da ya samu iznin mulki a 1886, sai tuta. Ta ɓangaren Faransa, wani hafsan sojan ruwa mai suna Hourst ya gangaro kogin a 1896 yana auna zurfinsa yana zana taswira. Ba a cika shekara uku ba, Kyaftin Voulet ya biyo wannan hanya da jirage cike da sojoji da makamai, ya haɗu da abokin aikinsa Kyaftin Chanoine a bakin kogi a farkon 1899, suka nufo gabas. Sauran labarin kakanninmu sun ba mu: Lugu, kisan Birnin Ƙonni, rijiyoyin da aka cika da gawa, har zuwa Dankori da Maijirgi a ƙasar Tasawa inda abin ya ƙare a kansu a watan Yuli. Wanda kakansa ya ga wannan, in ya ga baƙo yana auna kogi ya ɗaga gira, ba jahilci ya yi ba.

Duk da haka, a ganina zargin bai dace da mai kayak na yau ba. Abin da Hourst ya sha wahalar aunawa, yanzu tauraron ɗan'adam ya ɗauke shi, yana cikin wayar kowane ɗan kabu-kabu. Mai neman asiri ba zai zaɓi ɗan jirgin da saurinsa bai wuce tafiyar ƙafa ba, wanda yaran kowane ƙauye ke bi da ihu. Abin da yawancinsu ke nema suna ne da labari, labarin kuma kuɗi ne: mujalla ta saya, kamfanin kayan tafiya ya ɗauki nauyi, a rubuta littafi, a tara masu kallo a YouTube. Kira Salak, Ba'amurkiyar da ta tuƙa kayak na hurawa daga tsohon Segu zuwa Tumbutu a 2002, kusan kilomita 1,000 tana bin sawun Park, National Geographic ce ta tsaya mata. Tuƙin ita ta yi da hannunta, amma akwai mai ɗaukar hoto da ke riskar ta jefi-jefi a jirgi mai inji. Ashe masu cewa akwai wani a bayan kyamara ba su faɗi ƙasa ba gaba ɗaya.

Wannan bai hana jandarma tambayar takardu ba. Baƙo mai kyamara da wayar tauraron ɗan'adam, wani har da ɗan jirgin sama maras matuƙi, yana wuce gada da madatsa da sansanin soja a ƙasar da ke yaƙi, dole a san da shi. Tambaya haƙƙin hukuma ce. Abin da ba haƙƙin kowa ba shi ne taron jama'a su yanke masa hukunci a bakin ruwa saboda wani saƙon murya da ya zagaya.

"Na farko" a wurin wa?

Kusan kowace irin wannan tafiya da kirarinta take zuwa: na farko da ya yi kaza, mace ta farko, na farko shi kaɗai. Kirarin gaskiya ne in an taƙaita shi ga littafin masu rubutawa. Turawan Faransa uku, Jean Rouch, Jean Sauvy da Pierre Ponty, su ake lissafawa a matsayin waɗanda suka fara bin kogin tun daga mafarinsa har teku, daga ƙarshen 1946 zuwa Maris na 1947, kuma da kwale-kwalen mutanen kogi suka yi mafi yawanta. Rouch ya san inda ilminsa ya fito. Tun zuwansa Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanya ya ƙulla abota da Damure Zika, ɗan gidan Sarkawa, wanda ya buɗe masa ƙofar duniyar masu ruwa. Rouch, mutumin da ya tsira daga Isa kaf ɗinsa, haɗarin mota ne ya yi ajalinsa kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, kuma a Yamai aka binne shi.

Su kuwa masu kogin, ƙarni nawa suka yi a kansa? Sonni Ali na Sanwai, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jiragen ruwa ya ci Jenne, kuma Sarkawa ne matuƙansa. Bozo da Somono a Mali, Sarkawa daga Gawo zuwa Kabi, Gungawa a tsibiran Yawuri, Kede na ƙasar Nufe, Ijo a bakin teku: kowa da yankinsa, kowane yanki da sarkin ruwansa, da wuraren da ba a jefa raga, da ranakun da ba a shiga. Masuntan Kabi na yin ƙaurar su ta ɗaruruwan kilomitoci, da mata da yara da tukwane a jirgi, su shekara a wani wuri su dawo, ba wanda ya buga su a jarida.

In babu Basarken da ya bi kogin daga Gine har teku a zama ɗaya, ba gazawa ba ce, dalili ne babu. Kaya daga hannu zuwa hannu suke tafiya, kowa ya kai iyakar ruwan da ya sani ya miƙa wa na gaba. Mai kayak na ratsa waɗannan yankuna duka, a kowanne kuwa baƙo ne. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Park ya ƙi a ja masa gora ya mutu a Busa, waɗanda suka kai teku su ne suka yarda a ja musu.

Hanyar a buɗe take yau?

A taƙaice, a'a. Tun rikicin 2012 arewacin Mali ya fita daga hannun masu yawon buɗe ido, daga baya tsakiyar ƙasar ta bi. A Satumban 2023 aka kai wa jirgin fasinja mai suna Tombouctou hari a kan kogin tsakanin Tumbutu da Gawo, fararen hula da dama suka mutu. In jirgin ƙarfe mai rakiyar soja bai tsira ba, ina ga na roba? A wajenmu sassan jihar Tillaberi na cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, gandun W ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, kuma kisan ma'aikatan agaji shida ƴan Faransa da ƴan Nijar biyu a Kure a Agustan 2020 ya ƙarasa abin da ya rage na yawon buɗe ido. A Najeriya dazuzzukan gefen Kainji su ma ba lafiya. Yawancin hotunan doguwar tafiya a Isa da ke yawo a wayoyinmu, in aka bincika, tsoffi ne, ko kuma na wani ɗan yanki ne mai kwanciyar hankali.

Baturen da aka hana shi Isa zai ɗauki jakarsa ya tafi Misisipi ko Danub. Asarar ta mai kwale-kwalen Ayoru ce da ke kai baƙi kallon dorina ranar kasuwa, da masuncin da ba ya iya kwana a tsibiri, da mai fiton da ake tatsa a kowane shinge.

Ina ruwan ɗan Maraɗi?

Ruwansa a zahiri yana ciki. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo ta Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya ya zuba a Rima. Rima ta bi ta Goronyo da Sakkwato da Argungu, ta faɗa Kwara a jihar Kabi. Mu ma ƴan kwarin Isa ne, kwarin da ƙasashe tara suka kafa wa hukumar kula da shi, ABN, mai mazauni a Yamai. Wannan gulbin da muke rainawa da rani shi ne ya ci tsohon gari a 1945 har aka hau tudu.

Na biyu, mun fi shiga jirgin ruwa yanzu fiye da da. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, ƴan kasuwarmu masu zuwa Kwatano da ɗalibai da masu ziyara da kwale-kwale suke ƙetarewa, mutanen da galibinsu ba su iya iyo ba. A nan ne abin da ake yi wa mai kayak dariya a kai ya zama abin dubawa. Shi kaɗai ne a jirginsa, ya iya ruwa, amma ba ya tuƙi sai da rigar ceto a jikinsa, ba ya tafiyar dare, kuma ya san nauyin da jirginsa ke ɗauka. A Wara ta jihar Kabi, a Mayun 2021, jirgin katako ɗauke da mutum sama da 150 ya dare a tsakiyar ruwa, kaɗan suka fita. A Patigi ta jihar Kwara, a Yunin 2023, fiye da mutum 100 suka mutu suna dawowa daga biki da dare. Dalilan kusan iri ɗaya ne kowane karo: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, duhu, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, ga babu riga ko ɗaya.

Masu fito na cewa rigar tsada gare ta, fasinja kuma ba ya son ƙarin ko dala a kuɗin ƙetarewa, wasu ma sukan ƙi sawa ko an ba su, wai ta yi datti ko ta nuna rashin tawakkali. Hukumomi kan raba riguna bayan kowane babban haɗari, a ɗauki hoto, bayan wata biyu a same su a ɗaure ƙarƙashin benci. Kafin a warware wannan, abin da ke hannun mai ƙetarewa a Gaya kaɗan ne amma yana da amfani. Ya dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan an gama lodi. In ba ta kai taƙi guda ba, ya sauka ya jira na gaba, ko da mai jirgin ya ce masa, "Haba Alhaji, kullum haka muke tafiya." Kada ya yarda a ɗora babura da buhuna a inda mutane ke zaune har a rasa wurin motsa ƙafa. In hadari ya haɗo ko magariba ta kawo jiki, ya kwana a Gaya, ya ƙetare da safe.